Mararaba da Karu: Masu yini a Abuja, masu kwana a Nasarawa

Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu kan sabbin dokokin haraji a watan Yunin 2025, ma'aikata a ko'ina suke ƙoƙarin gane nawa za a riƙa cira daga albashinsu. Amma ga ɗimbin ma'aikatan da ofisoshinsu ke cikin Abuja alhali gidajensu suna Mararaba, Ado, New Nyanya ko Masaka, akwai wata tambaya da ta girmi wannan: kuɗin da ake cira ɗin, baitulmalin wa yake shiga, na Abuja ko na Jihar Nasarawa? Sauran tambayoyin duk daga nan suke tsirowa. Wa ke da alhakin magudanar ruwan da ta toshe a unguwarsu, da makarantar da 'ya'yansu ke zuwa, da titin da suke shafe awanni a kansa safe da yamma? Su nawa ne ma a waɗannan garuruwa? Ba za a samu amsa ba sai an fahimci yadda garuruwan suka kafu, da abin da iyakar da ta ratsa tsakanin Nyanya da Mararaba ta haifar.

Abuja uku da ake kira da suna ɗaya

Idan mutum ya ce yana zaune a Abuja, yana iya nufin ɗaya daga cikin wurare uku, kuma doka ba ta ɗauke su ɗaya ba. Na farko shi ne birnin da aka tsara a takarda kafin a gina shi, inda Garki, Wuse, Maitama, Asokoro da unguwannin da suka biyo bayansu suke. Na biyu shi ne Yankin Babban Birnin Tarayya baki ɗaya, mai ƙananan hukumomi shida, wato Birni da Kewaye, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji. A nan ne garuruwa irin su Kubwa, Lugbe, Nyanya, Jikwoyi da Karshi suke, kuma duk suna ƙarƙashin ministan Abuja. Na uku shi ne garuruwan da suka manne wa yankin daga waje: Suleja da Madalla a Jihar Neja, sai jerin garuruwan da ke kan hanyar Keffi a Ƙaramar Hukumar Karu ta Jihar Nasarawa.

Wannan jeri yana farawa ne da zarar an wuce Nyanya. Daga Mararaba sai One Man Village, Ado, New Nyanya, New Karu, Masaka, Kuchikau, Auta Balefi, har zuwa Uke. A da ƙauyuka ne da gonaki a tsakaninsu, yanzu kuwa matafiyi ba zai gane inda wani ya ƙare wani ya fara ba, domin gine-gine sun haɗe su. Garuruwan je-ka-ka-dawo ne, ma'ana babban ɓangaren masu neman abinci a cikinsu suna fita da asuba zuwa wani gari su yi aiki, su dawo da dare su kwanta. Irin wannan gari yana da yawan jama'a iri biyu, na rana da na dare, kuma ya danganta da lokacin da aka duba shi.

Yadda iyaka ta gina gari

Gwamnatin Janar Murtala Muhammad ce ta kafa Yankin Babban Birnin Tarayya da Doka ta 6 a ranar 3 ga Fabrairun 1976, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. An yanko mafi yawan ƙasar daga Jihar Neja, sauran daga Filato da Kwara. Niyyar farko ita ce a kwashe duk mutanen da aka tarar, akasarinsu Gbagyi, a sake tsugunar da su a wajen yankin. Da aka ga kuɗin diyya ya fi ƙarfin gwamnati sai aka sassauta, wasu suka tashi, wasu suka zauna. Wannan ne ya sa ake da Karu biyu da Nyanya biyu: tsofaffin suna cikin Abuja, sababbin suna ɓangaren da a lokacin yake Jihar Filato, kafin Janar Sani Abacha ya ƙirƙiro Jihar Nasarawa a ranar 1 ga Oktoban 1996.

Taswirar birnin da aka kammala a 1979 ta yi hasashen mutum miliyan 1.6 zuwa shekarar 2000, da kuma sama da miliyan 3 kaɗan idan an gama gina shi gaba ɗaya. Ta tanadi wurin ma'aikatu, da gidajen manyan jami'ai, da faffaɗan tituna. Abin da bai samu ba a aikace shi ne isasshen matsuguni ga magini, da direba, da masinja, da mai gadi, da mai sayar da abinci, waɗanda birni ba ya tafiya sai da su. Nyanya kanta sansanin leburorin da suka gina Abuja ce tun asali. Da gwamnati ta taso daga Legas a ranar 12 ga Disamban 1991, ma'aikata suka kwararo fiye da gidajen da aka tanada, sai kowa ya kama neman inda aljihunsa zai ɗauka.

A nan ne dokar ƙasa ta yi aikinta, kuma ita ce babban dalilin da ya sa aka tsallaka iyaka. A cikin Yankin Babban Birnin Tarayya duk ƙasa ta Gwamnatin Tarayya ce, minista kaɗai ke da ikon bayar da fili, kuma kotuna sun sha tabbatar da cewa takardar da wani hakimi ko dagaci ya bayar ba ta mallaka wa mutum komai. A Nasarawa kuwa, duk da cewa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamna, an ci gaba da sayen fili kai tsaye daga iyalan da suka gaji gona, a rubuta yarjejeniya, mai unguwa ya sa hannu, mutum ya fara aza bulo. Fili ya fi araha, ba a jiran shekaru kafin a samu takarda, kuma katafilar hukumar raya Abuja ba ta da hurumin tsallakowa.

Tsakanin 2003 da 2007, lokacin da Malam Nasir El-Rufai ke ministan Abuja, abubuwa uku suka taru suka tura jama'a gabas. An yi rusau mai yawa a unguwanni irin su Idu, Karmo, Chika da Aleita. Gwamnatin wancan lokaci ta ce tana maido da birnin ne kan taswirarsa, tana kawar da gine-ginen da aka yi ba da izini ba, wasu a kan hanyoyin ruwa da filayen da aka keɓe. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka ce an kori talakawa ba tare da an ba su madadi ba, har wani rahoton haɗin gwiwa na ƙungiyoyin COHRE da SERAC a 2008 ya ƙiyasta waɗanda abin ya shafa da mutum 800,000. A daidai wannan lokaci gwamnatin Obasanjo ta daina bai wa ma'aikata gidaje, ta mayar da haƙƙin zuwa kuɗi a cikin albashi, ta sayar da gidajen gwamnati, wanda bai iya saye ba ya nemi haya. Sannan a 2006 aka hana acaɓa a tsakiyar birni, masu babura da iyalansu suka koma gefe. Ba duka ne suka nufi Mararaba ba, amma ita ce mafi kusa da Asokoro da Sakatariyar Tarayya a cikin garuruwan da rusau ba ya kaiwa.

Su nawa ne?

Ƙidayar ƙarshe da aka yi a Najeriya ita ce ta watan Maris na 2006. Ta ba Yankin Babban Birnin Tarayya mutum miliyan 1.4, ta ba Jihar Nasarawa kusan miliyan 1.9, ta ba Ƙaramar Hukumar Karu dubu ɗari biyu da 'yan kai. An shirya wata ƙidayar a 2023, aka ɗage ta. Saboda haka duk adadin da ake ji a yau game da Karu, ko miliyan ɗaya aka ce ko biyu, ƙiyasi ne ba ƙirga ba.

Akwai dalilai na ɗaukar alƙaluman 2006 da taka-tsantsan ko a lokacin da aka fitar da su. An yi ƙidayar ne ana tsakiyar rusau, jama'a suna kan ƙaura. Tsarinta shi ne a ƙirga mutum a inda aka same shi, kuma sananne ne cewa mazauna birane da yawa sukan tafi garuruwansu na asali don a ƙirga su a can, gari irin Mararaba kuwa kusan kowa yana da wani garin da yake kira gida. Bayan haka, hasashen da ake yi daga wancan adadi yana amfani ne da saurin ƙaruwar jama'a na jiha gaba ɗaya, wanda ya dace da garin da ke ƙaruwa ta haihuwa, bai dace da garin da ke ƙaruwa ta shigowar baƙi ba.

Wannan ba gardamar masana ba ce kawai, kuɗi ne. A tsarin rabon arzikin ƙasa tsakanin jihohi da kuma tsakanin ƙananan hukumomi, kashi 40 cikin ɗari ana raba shi daidai wa daida, kashi 30 kuma bisa yawan jama'a. Ƙaramar hukumar da ake lissafa ta da adadin shekarar 2006 tana karɓar kason ƙaramin gari, tana ɗauke da nauyin babban birni. Haka abin yake a wakilci. Karu tana da kujeru biyu a Majalisar Dokokin Nasarawa, kuma tana raba ɗan Majalisar Wakilai guda da Keffi da Kokona, duk da cewa tana sahun gaba a jihar wajen yawan masu rajistar zaɓe.

Su wane ne?

Masu ƙasa na asali su ne Gbagyi, tare da Gwandara, Gade da Yeskwa a sassan ƙaramar hukumar, kuma Esu Karu shi ne babban basaraken Gbagyi na yankin. A garuruwan bakin titi yanzu baƙi sun rinjaye su nesa ba kusa ba. Akwai Tibi da Idoma daga Binuwai, Igala da Ebira daga Kogi, mutanen Filato da kudancin Kaduna, Ibo da suka riƙe cinikin kayan gini da kayan gyaran mota, Yarbawa, da Eggon da Mada da Alago daga cikin Nasarawa. Hausawa da Fulani suna da ƙarfi a kasuwar kayan gwari da ta dabbobi, da fawa, da shayi, da facin taya, da acaɓa, da ga-ruwa. Rikicin Boko Haram da hare-haren da ake kai wa ƙauyuka a arewa maso yamma da tsakiyar ƙasa sun ƙaro wasu da ba aikin gwamnati ya kawo su ba, gudun tsira ne. Hausa da Turancin buroka su ne harsunan ciniki da na tasha.

Kuskure ne a ɗauka cewa kowa a nan ma'aikacin Abuja ne. Garuruwan sun samu tattalin arzikinsu. Kasuwar Lemu ta Mararaba tana karɓar manyan motocin kayan marmari daga Binuwai da jihohin arewa, kuma daga nan 'yan kasuwar cikin Abuja da yawa suke sari. Akwai Jami'ar Bingham ta cocin ECWA da aka kafa a 2005, akwai makarantu da asibitoci masu zaman kansu bila adadin, akwai rukunin gidaje masu katanga da ƙofa inda matsakaitan ma'aikata suka gina nasu. Sai dai hatta waɗannan sana'o'i albashin Abuja ne ke juya su, shi ya sa ake gane ƙarshen wata a kasuwa.

Bambancin ɗan ƙasa da baƙo yana nan daram. Wanda aka haifa a Masaka, ya yi karatu a Masaka, idan iyayensa daga wata jiha suka zo, sai ya koma can neman takardar shaidar asali kafin ya nemi aikin gwamnati ko gurbin karatu. Su kuma 'yan ƙasa suna da nasu kukan: gonakin da aka sayar shekaru ashirin da suka wuce da kuɗi kaɗan yanzu sun zama unguwanni masu tsada, matasansu ba gona ba aiki, kuma yawan baƙi na iya sauya wanda ke cin zaɓe.

Titi guda

Kusan duk wannan jama'a titi guda take bi. Daga Mararaba a ratsa Nyanya, a wuce gadar Karu, a hau tudun Kugbo, a fito shataletalen AYA a Asokoro. Tazarar Mararaba da tsakiyar birni kimanin kilomita 20 ce, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba idan hanya a buɗe take, amma da safiyar ranar aiki tana iya cin awa biyu ko fiye. Shi ya sa ake fita kafin gari ya waye, yara kuma su tashi ba su ga iyayensu ba. Titin ba na masu zuwa aiki ba ne kaɗai, shi ne babbar hanyar da ta haɗa Abuja da Filato, Binuwai da arewa maso gabas, don haka tirela da tanka suna gogayya da ƙananan motoci, 'yan tireda kuma sun cinye gefensa. A watan Maris na 2025 wata babbar mota ta ƙwace a kusa da gadar Karu, ta afka wa motocin masu komawa gida, wuta ta tashi, aka rasa rayuka.

Taruwar jama'a a wuri guda a lokaci guda ita ce ta sa tashar Nyanya ta zama abin hari. Bam ɗin ranar 14 ga Afrilun 2014 ya kashe fiye da mutum 70, akasarinsu masu shirin shiga mota zuwa aiki, wani kuma ya sake tashi a kusa da wurin ranar 1 ga Mayu. Tun daga lokacin, duk sanda aka samu barazanar tsaro aka kafa shingen bincike a wannan hanya, cunkoson yakan koma baya har cikin Nasarawa.

Hanyoyin rage wa titin nauyi sun daɗe a bakin gwamnati. An bayar da kwangilar hanyar Apo zuwa Karshi a 2011 don ta zama madadi, ta shafe fiye da shekara goma ba a kammala ba. Jirgin ƙasan cikin birni da aka buɗe a 2018, aka sake farfaɗo da shi a watan Mayun 2024, yana zuwa filin jirgin sama da ɓangaren Kubwa, bai nufi gabas ba, inda buƙatar ta fi tsanani. An faɗaɗa wani ɓangare na titin, an gina sababbin tashoshin mota a Karu da Kugbo, amma faɗaɗa titi ba ya rage yawan motocin da ke neman shiga ƙofa guda. Da aka hana ƙananan bas shiga tsakiyar birni a 2013, manyan bas ɗin gwamnati ba su wadatar ba, sai jama'a suka dogara da motocin gida masu ɗaukar fasinja a hanya, kuma ta wannan kafa ce ɓarayin da ke shigar burtu a matsayin direba da fasinjoji suke samun mutane.

Rigimar haraji

Ƙa'idar harajin albashi a Najeriya ita ce ana biya ne ga jihar da mutum yake zaune, ba jihar da yake aiki ba, in ban da wasu rukunai kamar sojoji da 'yan sanda da nasu ke zuwa ga hukumar tarayya. A bisa wannan, harajin ma'aikacin da ke kwana a Mararaba na Nasarawa ne, ko da ofishinsa na kallon Majalisar Tarayya. A aikace ba haka yake tafiya kullum ba. Ma'aikaci yakan rubuta adireshin Abuja a takardunsa, kamfani yakan ga ya fi sauƙi ya tura kuɗin duk ma'aikatansa ga hukumar haraji ta Abuja a dunƙule, kuma unguwanni da yawa a Karu ba su da sunan layi ko lambar gida da za a kafa hujja da su.

Gwamnatocin Nasarawa sun daɗe suna cewa jiharsu ce ke ɗaukar ɗawainiyar ma'aikatan Abuja, daga shara zuwa makaranta zuwa tsaro, alhali kuɗin yana tsayawa a wancan ɓangaren. Jihar Neja tana da irin wannan ƙorafi game da Suleja. Hujjar ɓangaren Abuja ita ce waɗannan mutane suna yini ne a kan titunanta, suna zuwa asibitocinta kamar na Nyanya da Asokoro, don haka ita ma tana kashe kuɗi a kansu. Mazauna kuwa suna da magana ta uku: jihar tana karɓar kuɗin takardun fili ta hukumarta mai kula da bayanan filaye, wato NAGIS, da kuɗin kasuwa da na shaguna, amma ruwan famfo bai isa yawancin unguwanni ba sai burtsatse da 'yan ga-ruwa, layukan cikin gari ba kwalta, bola tana tarewa a tsakiyar titi. Kowanne daga cikin ukun yana da gaskiya a abin da ya faɗa. Inda aka fi samun giɓi shi ne babu wata hukuma guda mai ikon tsara sufuri, ruwa da shara a ɓangarorin iyakar biyu, alhali garin a zahiri guda ne.

Abin da zai iya sauyawa ga mazauna

Sabuwar dokar harajin ta 2025 ta yafe haraji a kan Naira 800,000 na farko na kuɗin shigar mutum a shekara. Mafi ƙarancin albashi tun Yulin 2024 Naira 70,000 ne a wata, don haka ƙananan ma'aikata da yawa a waɗannan garuruwa za su biya kaɗan ne ko ba za su biya komai ba, kuma kuɗin da Nasarawa ke nema zai fito ne daga matsakaita da manyan ma'aikata. Dokar ta kuma ba da rangwame na kashi 20 cikin ɗari na kuɗin hayar shekara, iyakarsa Naira 500,000, ga wanda ya bayyana hayar da yake biya. Wanda ya nemi wannan rangwame ya nuna inda yake zaune ke nan, abin da zai iya sauƙaƙa wa jihar gano masu biyan harajinta.

Ga talaka dai kuɗin mota ya fi haraji ciwo. Kafin cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 litar fetur ba ta kai Naira 200 ba, zuwa ƙarshen 2024 ta haura 1,000 a Abuja. A wata mai ranakun aiki 22, duk Naira 1,000 da ma'aikaci ya kashe a rana wajen zuwa da dawowa ta zama 22,000, kusan sulusin mafi ƙarancin albashi. Lissafin da ya kawo mutane nan tun farko, wato a biya haya mai sauƙi a jure wa hanya, ya fara tangal-tangal. Wasu suna kwana a wurin aiki su koma gida ƙarshen mako. Wasu kuma, da haya ta tashi a Mararaba, sun ƙara matsawa Masaka, Kuchikau har Keffi, inda ɗaki ya fi araha amma kuɗin mota ya fi yawa.

Masu filaye su ma suna da abin lura. Gwargwadon yadda jihar ke ƙara dogaro da kuɗin shiga daga Karu, haka za ta ƙara matsa wa masu riƙe da yarjejeniyar mai unguwa su nemi takardar gwamnati, kuma gidajen da aka gina a kan hanyar ruwa ko ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki suna cikin haɗarin rusau irin wanda wasu suka gudo wa daga Abuja. Idan aka yi sabuwar ƙidaya, kason Karu daga asusun tarayya da yawan mazaɓunta za su dogara ne da ko mazauna sun tsaya an ƙirga su a inda suke kwana, ko sun sake tafiya garuruwansu na asali kamar yadda da yawa suka saba.